Faɗuwar Saigon: 'Yan Jarida da Rabon Laifi Bayan Yaƙin Biyetnam

Gabatarwa

Ranar 30 ga watan Afrilu, 1975, tankokin yaƙi na Biyetnam ta Arewa suka kutsa cikin fadar shugaban ƙasa a birnin Saigon, Janar Duong Van Minh ya ba da sanarwar miƙa wuya. Da haka aka kawo ƙarshen yaƙin da aka yi kusan shekara talatin ana gwabzawa a wannan ƙasa, da fari da Faransa, sa'an nan da Amurka. Amurka ta yi hasarar sojoji fiye da 58,000. Ita kuwa gwamnatin Biyetnam, a shekarar 1995 ta bayyana cewa mayaƙanta kimanin miliyan 1.1 ne suka mutu, tare da fararen hula kimanin miliyan 2 daga Kudu da Arewa.

Ƙura ba ta gama lafawa ba sai wani yaƙin ya tashi a cikin Amurka, na baki da alƙalami, a kan wanda ya jawo wa ƙasar wannan abin kunya. Cikin waɗanda aka fi nuna wa yatsa akwai 'yan jarida da ma'aikatan talabijin. An ce su ne suka karya zuciyar jama'a da munanan labarai, har Majalisar Dokoki ta janye hannu, aka bar Biyetnam ta Kudu ta faɗi. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan zargi, a ga inda ya samo asali, a auna shi da abubuwan da suka auku, sa'an nan a duba abin da ya haifar.

Asalin Yaƙin a Taƙaice

Bayan da mayaƙan Ho Chi Minh suka ci sojojin Faransa a Dien Bien Phu a watan Mayu na 1954, taron Janiba ya raba Biyetnam gida biyu na wucin gadi, bisa sharaɗin a yi zaɓen haɗe ƙasar a 1956. Ba a yi wannan zaɓe ba. Arewa ta tsaya a hannun 'yan gurguzu da taimakon Sin da Tarayyar Sobiyet, Kudu kuma ta tsaya a hannun Ngo Dinh Diem da taimakon Amurka. Shugabannin Amurka biyar ne suka riƙe wannan al'amari bi da bi, watau Eisenhower da Kennedy da Johnson da Nixon da Ford. Biyu daga cikinsu 'yan jam'iyyar Dimokurat ne, uku kuma 'yan Rifabulikan. Wannan abin lura ne, domin shi ya sa a ƙarshe babu jam'iyyar da ke iya wanke hannunta sarai.

A watan Agusta na 1964 gwamnatin Johnson ta ce jiragen ruwan Arewa sun kai wa jiragen yaƙin Amurka hari sau biyu a Mashigin Tonkin. Ranar 7 ga watan Majalisa ta ba shugaban ƙasa ikon amfani da ƙarfi. A Majalisar Wakilai ko mutum ɗaya bai ƙi ba, a Majalisar Dattawa mutum biyu kacal suka ƙi. A watan Maris na 1965 sojojin ƙasa na farko suka sauka a Da Nang, kuma kafin tsakiyar 1969 yawan sojojin Amurka a ƙasar ya wuce 540,000.

Yadda Aka Ba da Labarin Yaƙin

Abu biyu suka bambanta wannan yaƙi da waɗanda suka gabace shi ta fuskar labarai. Na farko, hukumar soja ba ta kafa dokar tace labarai ba, kamar yadda aka yi a Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya. Sai dai an gindaya wa wakilan jaridu 'yan sharuɗɗa game da asirin motsin sojoji. Wakili na iya hawa jirgi mai saukar ungulu na soja ya je fagen fama, ya dawo ya aika da abin da ya gani. Fiye da 'yan jarida 60 suka rasa rayukansu a wannan aiki. Na biyu, talabijin ta riga ta shiga kusan kowane gida a Amurka, kuma a 1963 manyan gidajen talabijin na CBS da NBC suka tsawaita labaran yamma daga minti 15 zuwa minti 30. Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Saɓani tsakanin hukuma da wakilai ya soma tun da wuri. A watan Janairu na 1963, a karawar Ap Bac, 'yan tawayen Biyetkon suka yi wa sojojin Kudu ɓarna, suka kakkaɓo jirage masu saukar ungulu na Amurka. Manyan hafsoshi suka ce nasara aka yi, amma matasan wakilai irin su David Halberstam da Neil Sheehan suka rubuta cewa kashi aka sha. A watan Oktoba na wannan shekara Shugaba Kennedy ya nemi mai jaridar New York Times da ya sauya wa Halberstam wurin aiki, jaridar ta ƙi. A watan Agusta na 1965 kuma Morley Safer na CBS ya nuna sojojin Amurka suna cinna wa bukkokin ƙauyen Cam Ne wuta, tsofaffi da mata suna kallo. Taron da kakakin soja ke yi da wakilai kowace yamma a Saigon, inda ake karanta musu yawan abokan gaba da aka kashe, har laƙabi suka yi masa na ba'a, suna kiransa shirmen ƙarfe biyar.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa haka labaran suke kullum. Waɗannan misalai sun shahara ne saboda ƙarancinsu. Yawancin abin da jama'a ke gani kafin 1968 labari ne na jarumtakar samarin Amurka da ci gaban da ake samu, kuma su Halberstam kansu a lokacin ba su ƙi manufar yaƙin ba, yadda ake gudanar da shi suke kuka da shi.

Harin Tet

Babban abin da masu zargin 'yan jarida ke kafa hujja da shi shi ne harin Tet. A watan Nuwamba na 1967 kwamandan sojojin Amurka, Janar William Westmoreland, ya zo Washinton ya shaida wa jama'a cewa an fara hango ƙarshen yaƙin. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, a ƙarshen Janairu na 1968, ana cikin bikin sabuwar shekarar Biyetnam da ake kira Tet, sojojin Arewa da Biyetkon suka afka wa birane da garuruwa fiye da 100 lokaci guda. Wasu 'yan ƙundumbala suka fasa katanga suka shiga harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. A birnin Hue sai da aka yi kusan wata guda ana fafatawa.

Ta fuskar soja, maharan sun sha kashi. An kore su daga biranen, sun yi hasarar dubban mayaƙa, kuma boren da suka yi tsammanin jama'ar Kudu za su yi bai auku ba. Amma ranar 27 ga Fabrairu, Walter Cronkite, mai karanta labarai a CBS wanda jama'a suka amince da shi ƙwarai, ya faɗi a talabijin bayan ya dawo daga Biyetnam cewa yaƙin ya cije, ba mai cin wani, mafita ita ce sulhu. Ranar 10 ga Maris New York Times ta fallasa cewa hafsoshi na neman ƙarin sojoji 206,000. Ranar 31 ga Maris Johnson ya ba da sanarwar ba zai sake tsayawa zaɓe ba.

Peter Braestrup, wanda ya wakilci jaridar Washington Post a Saigon, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a 1977, inda ya nuna cewa 'yan jarida sun mai da nasarar soja ta koma kamar faɗuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Alal misali, rahotannin farko sun ce maharan sun shiga cikin ginin ofishin jakadancin, alhali a harabar suka tsaya. A 1981 wani tsohon wakili, Robert Elegant, ya ƙara gishiri, ya ce wannan ne yaƙi na farko da aka yanke hukuncinsa a shafin jarida da allon talabijin maimakon fagen fama.

Ƙarshen Yaƙin da Jifan Juna

Gwamnatin Nixon ta ɗauki wannan ƙorafi ta mai da shi makamin siyasa. A watan Nuwamba na 1969 mataimakinsa, Spiro Agnew, ya yi jawabi a birnin Des Moines inda ya zargi gidajen talabijin da cewa wasu 'yan tsirarun mutane da ba wanda ya zaɓe su ne ke juya ra'ayin ƙasa. A wannan wata ne Seymour Hersh ya tona kisan gillar da sojojin Amurka suka yi wa ɗaruruwan ƙauyawa a My Lai tun watan Maris na 1968. A watan Yuni na 1971 New York Times ta fara buga takardun asiri na Ma'aikatar Tsaro waɗanda Daniel Ellsberg ya fitar. Gwamnati ta kai ƙara don a hana, amma Kotun Ƙoli ta ba jaridu gaskiya da rinjayen alƙalai 6 a kan 3.

Ranar 27 ga Janairu, 1973, aka sa hannu a yarjejeniyar Faris, kuma a ƙarshen Maris sojojin yaƙi na ƙarshe na Amurka suka fice. Yarjejeniyar ta bar sojojin Arewa fiye da dubu ɗari a cikin Kudu. Nixon ya rubuta wa Shugaba Nguyen Van Thieu wasiƙu a asirce yana yi masa alkawarin mai da martani mai tsanani in Arewa ta saɓa, amma Majalisa ta hana duk wani aikin soja a yankin daga 15 ga Agusta, 1973, shi kuma Nixon badaƙalar Watergate ta tilasta masa sauka a watan Agusta na 1974. A wannan shekara Majalisa ta rage taimakon soja ga Kudu zuwa dala miliyan 700.

A watan Maris na 1975 Arewa ta kama garin Ban Me Thuot. Thieu ya ba da umurnin janyewa daga tsaunukan tsakiyar ƙasa ba tare da shiri ba, janyewar ta rikiɗe ta zama gudun ceton rai, Hue da Da Nang suka faɗi kafin watan ya ƙare. Ranar 10 ga Afrilu Shugaba Ford ya roƙi Majalisa dala miliyan 722 na makamai, ba ta bayar ba. Ranar 21 Thieu ya sauka yana zargin Amurka da cin amana. Ranakun 29 da 30 jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutane kimanin 7,000 daga Saigon.

Daga nan kowa ya nemi wanda zai ɗora wa kaya. Hafsoshi suka ce 'yan siyasa ne suka ɗaure musu hannu. Nixon da Kissinger suka ce Majalisa ce ta yar da nasarar da suka samo. 'Yan Majalisa suka ce shugabanni ne suka yaudare su tun daga Tonkin. Ita kuwa jarida, kusan kowane ɓangare ya same ta da sauƙin duka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, sai ka taka naka ka hango na wani.

Auna Zargin

Idan aka ɗora zargin a kan ma'auni, za a ga ya yi rauni ta fuskoki huɗu.

Da farko, ra'ayin jama'a ya soma juyawa tun kafin Tet. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta kamfanin Gallup ta nuna cewa tun watan Oktoba na 1967 masu ganin shiga yaƙin kuskure ne sun ɗara masu ganin daidai ne. Daɗin daɗawa, a makonnin farko bayan harin, masu neman a ƙara ƙaimi wajen yaƙi ƙaruwa suka yi.

Na biyu, masanin siyasa John Mueller ya kwatanta Koriya da Biyetnam a littafin da ya fitar a 1973, ya gano cewa a duka biyun goyon bayan jama'a ya riƙa raguwa ne gwargwadon yadda gawarwaki ke ƙaruwa. A lokacin Koriya kuwa akwai dokar tace labarai, kuma gidaje kaɗan ne ke da talabijin. Uwar da aka kawo wa akwatin gawar ɗanta ba ta bukatar mai karanta labarai ya gaya mata yadda yaƙi ke tafiya. William Hammond, marubucin tarihi na rundunar sojan Amurka kanta, shi ma a kan wannan ra'ayi ya tsaya bayan ya bincika takardun rundunar.

Na uku, Daniel Hallin ya nazarci labaran talabijin na zamanin, ya nuna a 1986 cewa 'yan jarida bin sawun shugabanni suka yi. Muddin bakin manyan Washinton ɗaya ne, labarai na goyon bayan yaƙi. Da manyan suka rabu, sai labarai suka fara nuna rabuwar. A ƙarshen Maris na 1968, dattawan da Johnson ke shawara da su, cikinsu har da tsohon Sakataren Harkokin Waje Dean Acheson, su ne suka ce masa ya nemi hanyar fita, kuma bayanin hafsoshi da jami'an leƙen asiri suka saurara kafin su faɗi haka.

Na huɗu, in da talabijin ce ta tsai da yaƙin a 1968, da ba a ƙara shekara biyar ana yinsa ba. Sojojin Amurka fiye da 20,000 sun mutu a zamanin Nixon, kuma Nixon ɗin da ke faɗa da jaridu ya lashe jihohi 49 cikin 50 a zaɓen 1972.

Takardun asirin da aka ambata sun ƙara fito da gaskiyar al'amari. A cikinsu akwai takardar da John McNaughton, wani babban jami'in Ma'aikatar Tsaro, ya rubuta a watan Maris na 1965, inda ya kasa manufar Amurka kashi uku: kashi 70 cikin ɗari don guje wa kunyar faɗuwa, kashi 20 don hana Sin mamaye yankin, kashi 10 kawai don kyautata rayuwar mutanen Biyetnam ta Kudu. Watau tun farkon tura sojoji, tsoron zargi na cikin abin da ke tuƙa yaƙin. Johnson ya ga yadda aka yi wa gwamnatin Truman ca bayan da 'yan gurguzu suka kama Sin a 1949, bai so a maimaita a kansa. Robert McNamara, Sakataren Tsaro na lokacin, ya amsa a 1995 cewa sun tafka babban kuskure.

Batun rage kuɗi kuma, lalle ya raunana sojojin Kudu, waɗanda aka horar da su a kan yaƙi mai cin harsashi da mai, ga shi kuma farashin mai ya tashi tun 1973. Amma makaman da Arewa ta ganimata bayan faɗuwar Saigon ba su da iyaka. Gwamnatin da aka shekara ashirin ana tallafa mata, ta rushe cikin mako bakwai, ciwonta ya girmi kasafin kuɗi na shekara guda.

Inda 'Yan Jarida Suka Gaza

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan jarida na da nasu laifin, sai dai ba shi ne wanda aka fi yayatawa ba. A watan Agusta na 1964 manyan jaridu sun buga labarin Tonkin yadda gwamnati ta ba su, ba tare da bincike ba. Wani nazari na hukumar leƙen asirin Amurka da aka saki a 2005 ya tabbatar da cewa hari na biyu, na ranar 4 ga watan, bai auku ba. Kisan My Lai ya yi wata ashirin a ɓoye, ga ɗaruruwan wakilai a ƙasar, kuma wanda ya tona shi daga cikin Amurka ya yi aikinsa.

Har wa yau, wakilai ƙalilan ne ke jin harshen Biyetnam. Saboda haka labarin ya zama na Amurkawa: sojansu, shugabansu, zaɓensu. Manomin da aka kora daga gonarsa da dalilin da ya sa ɗansa ya bi Biyetkon ba su cika samun shafi ba. Ko a ranar ƙarshe, shahararren hoton da Hubert van Es ya ɗauka na mutane suna hawa tsani zuwa jirgi a kan rufin bene, an shekara da shekaru ana cewa ofishin jakadancin Amurka ne, alhali wani gidan kwanan ma'aikata ne a titin Gia Long. Hoton yini ɗaya ya zauna a zukatan mutane a madadin tarihin shekara talatin.

Abin da Zargin Ya Haifar

Ko da yake bincike bai goyi bayan zargin ba, gwamnatoci sun yi aiki da shi. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982 Ingila ta taƙaita yawan wakilai, ta riƙe hanyar aika labari a hannunta. Da Amurka ta mamaye Girenada a 1983 an hana 'yan jarida shiga a kwanakin farko. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an tara su rukuni-rukuni tare da 'yan rakiya na soja, aka kuma hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji a sansanin Dover, hanin da ya kai har 2009. A Iraƙi a 2003 aka haɗa wakilai da rundunoni, suna ci suna kwana tare da waɗanda suke ba da labarinsu.

Duk wannan tsaro bai hana tarihi komawa ba. Ranar 15 ga Agusta, 2021, 'yan Taliban suka shiga Kabul bayan yaƙin shekara ashirin da shugabannin Amurka huɗu suka riƙe. Nan da nan jaridu suka jera hoton jirgi a samaniyar Kabul da na Saigon. Magoya bayan Trump suka ɗora wa Biden laifin yadda aka janye, magoya bayan Biden suka nuna yarjejeniyar Doha da gwamnatin Trump ta ƙulla a watan Fabrairu na 2020. A wannan karo babu mai iya cewa talabijin ce ta karya zuciyar jama'a, domin an yi shekaru gidajen talabijin ba su cika waiwayar Afganistan ba. Tun a Disamba na 2019 Washington Post ta buga hirarrakin jami'an gwamnati da ke nuna cewa da yawansu sun san abin ba ya tafiya, suna faɗa wa jama'a akasin haka.

Kammalawa

An ga cewa abin da ya kayar da Amurka a Biyetnam ya haɗa da gwamnatin Kudu marar tushe a zukatan talakawanta, da abokan gaba masu jure hasara, da shugabanni masu tsoron a ce a hannunsu aka faɗi. 'Yan jarida sun yi kurakurai a lokacin Tet, amma babbar gazawarsu ita ce saurin gaskata hukuma a farko. Zargin da aka yi musu ya yi wa masu mulki amfani, domin ya karkatar da tambaya daga yadda aka shiga yaƙin zuwa yadda aka ba da labarinsa.

Wannan ya shafi ɗaliban Hausa, tun da da yawansu gidajen rediyo da jaridu suke nufa bayan karatu, inda za su riƙa fassara labaran ƙasashen waje daga kamfanonin dillancin labarai. Wanda aka miƙa wa rahoton ranar ƙarshe ta wani dogon yaƙi, ya kamata ya tambayi kansa wa ke magana a ciki, wa ake ɗora wa laifi, wane ne kuma ba a ji muryarsa ba, sa'an nan ya ƙara wa mai sauraro ko da jimla biyu ne a kan yadda aka fara.